Maganin Da Kuɗinsa Bai Tashi Ba

Da magariba na tsaya a wani kemis da ke bakin titin unguwarmu a Kano ina jiran canji, sai ga wani dattijo ya shigo riƙe da tsohon kwalin magani, rubutun jikinsa ya kusa gogewa saboda daɗewa a aljihu. Na hawan jini ne. Yaron kemis ya faɗa masa kuɗin kati guda. Dattijon ya yi jim, ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, sannan ya ce a yanko masa ƙwaya huɗu. Yaron bai ce komai ba, ya jawo almakashin da ke ajiye kan teburi domin irin wannan ciniki, ya datse katin, ya ƙulle a 'yar leda. Likita cewa ya yi kullum ɗaya. Amma ƙwaya huɗu, in ana tsallake rana, za ta kai mutum mako guda. Na san wannan lissafi, domin a gidanmu ma an yi shi.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin kowane gida ya rikice. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta haura 40 a tsakiyar shekarar. A Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Nijeriya bayan shekara fiye da 50, kuma magunguna da dama suka ninka kuɗi. Wannan kuwa a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, kuma kusan ɗaya cikin kowane manya uku yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba.

A cikin wannan hali ne mutane suka koma ƙafa. Ma'aikacin da a da yake hawa Adaidaita Sahu sau biyu kafin ya isa ofis, yanzu sai ya hau ɗaya ya ƙarasa a sayyada. An lulluɓe motoci da tamfol a ƙofar gida. Masu gyaran keke, da kasuwarsu ta koma ta 'yan makaranta da masu kai kaya ƙauye, sun sake ganin magidanta zaune a kan benci suna jiran a yi musu faci ko a ɗaure musu kaca. Babu wanda ya zaɓi wannan, dole ce ta kawo. Sai dai tun daga ranar da na ga an datse katin nan nake juya wata tambaya a raina: ko a cikin wahalar nan akwai abin da jiki zai ƙaru da shi, kuma wane ne zai ƙaru?

Wanda ya fara ba da amsa da hujja wani likita ne ɗan Birtaniya, Jeremy Morris. A 1953 ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin Landan, maza kusan dubu 31. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, hayaƙi ɗaya suke shaƙa, rufin asirinsu kusan ɗaya. Bambancin kawai, direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa hawa da sauka yake a matakala, ɗaruruwan taki kullum, yana karɓar kuɗin mota. Morris ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Ya sake gwadawa da masu yawon raba wasiƙu da ma'aikatan gidan waya masu zama a tebur, sakamakon bai canza ba. Shi kansa ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Duk lokacin da na tuna da binciken nan, direban Adaidaita nake gani, wanda yanzu sai ya kai dare kafin ya haɗa balas da kuɗin mai. Ina ganin tela a kan keken ɗinkinsa, da mai shago a Kantin Kwari ko Singa da zai zauna tun hantsi har la'asar sakaliya, ba ya tashi sai salla, ga damuwar kasuwa ga lemon kwalba. Su ne direbobin Morris na garinmu.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Naman cinya da na ƙwauri suna cikin manyan naman jikin mutum, kuma in suna motsi suna zuƙe suga daga jini kai tsaye, ko da sinadarin insulin ya yi rauni. Shi ya sa tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo take rage hawan da suga ke yi. Hanyoyin jini kuma suna saki idan ana tafiya a kai a kai, har awon mai hawan jini yakan sauka da kamar maki 5 zuwa 8, kwatankwacin abin da wata ƙwayar ke yi. Barci yana daɗi, ƙuncin zuciya yana raguwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a shekarun da magidanci ke kwana yana ƙirga bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan hau amma bai hana magana ba, wato rabin awa sau biyar. Yara kuwa awa guda kullum. A Amurka an yi wani gwaji da mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara ci da rage ƙiba, nasu ya ragu da kashi 58.

Amma gwajin da ya fi kama da halin da muke ciki ba likitoci ne suka shirya shi ba. Ƙasar Kyuba ce ta faɗa cikinsa. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, man fetur da abinci da takin da Kyuba ke samu daga can cikin rahusa suka yanke, ga takunkumin Amurka a kanta. Tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bas-bas suka tsaya, taraktoci suka tsaya, aka koma huɗa da shanu. Gwamnati ta shigo da kekuna sama da miliyan ɗaya daga ƙasar Sin ta rarraba wa ma'aikata da ɗalibai. Malamin jami'a da likita da lebura duk suka hau keke ko suka taka. Abincin da mutum ke samu a rana ya faɗi daga kalori kusan 2,900 zuwa ƙasa da 1,900 tsakanin 1988 da 1993.

Da yake ƙasar ba ta daina rubuta alƙaluman lafiya ba ko a tsakiyar wahalar, daga baya wani mai bincike ɗan Sifaniya, Manuel Franco, da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka wallafa a 2007 da 2013. Sun tarar manyan ƙasar sun rame da kimanin kilo 5 kowanne, masu ƙiba fiye da kima sun ragu daga kashi 14 zuwa 7 cikin 100, masu motsa jiki kuma sun ninka har da ɗoriya. Tsakanin 1997 da 2002 mutuwa ta dalilin ciwon suga ta ragu da kashi 51 cikin 100, ta ciwon zuciya da kashi 35, ta shanyewar ɓarin jiki da kashi 20. Da arziki ya fara dawowa, motoci suka koma titi, kekuna suka koma bayan ɗaki, ƙiba ta dawo, ciwon suga ya biyo ta a baya.

Akwai sauran rabin labarin, kuma duk wanda ya ba da na farko ya ɓoye wannan bai yi wa mai sauraro adalci ba. A 1992 da 1993 mutum kusan dubu 50 a Kyuba suka kamu da wata cutar jijiyoyi, wasu ganinsu ya dushe, wasu ƙafafunsu suka mutu, saboda ƙarancin sinadaran bitamin a abincin da ya rage musu. Sai da gwamnati ta riƙa raba ƙwayoyin bitamin gida gida kafin cutar ta lafa. Tarin fuka ya ƙaru, mutuwar tsofaffi ma ta ƙaru. Sannan mutanen Kyuba sun shiga wahalar ne da ƙoshinsu, da likita a kusan kowace unguwa, da katin rabon abinci da ya sa ƙananan yara a gaba. Mu ba haka muka shiga tamu ba. Tun a binciken lafiya na ƙasa na 2018, kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci, a Arewa maso Yamma kuwa fiye da rabi ne. A 2024 har afafata, shinkafar da a da ake zubarwa ko a ba kifi, aka koma saye a mudu. Mutumin da ke cin abinci sau ɗaya a rana ba shi da kilo 5 da zai bayar.

Don haka nake jin nauyi a raina in na ji wani a rediyo yana cewa tsadar mai ma alheri ce tunda ta sa mutane tafiya. Ɗan ga-ruwan da ke tura kura mai jarkoki 12 a ranar Afrilu, zafi ya haura maki 40, ba motsa jiki ya rasa ba. Haka ɗan dako a Dawanau, haka mai haƙar yashi. A Denmak an bi mutum sama da dubu 100 na tsawon shekaru, aka wallafa a 2021 cewa motsin da mutum ke yi a lokacin hutunsa yana rage haɗarin ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na wuni guda, ba hutu, yana ƙara shi. Dalilin a fili yake: mai tattaki yana ɗaga bugun zuciyarsa na rabin awa sannan ya huta, mai dako kuwa jininsa a sama yake wuni, gobe ma ya koma tun gajiyar jiya ba ta sake shi ba. Abin da ɗan ga-ruwa ke buƙata shi ne inuwa da ruwa da abinci, da a auna masa jini.

Kakanninmu sun san wannan tun ba a yi Morris ba. Dambe da kokowa wasannin kaka ne. Sai an yanke gero, rumbu ya cika, samari sun ci sun murmure, sannan ake kafa fage a kira makaɗa. A zamaninsu ba a buɗe fagen dambe a tsakiyar watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Gasar kokowa ta takobi da Jamhuriyar Nijar ke yi tun 1975 ma bayan girbi ake yin ta. Ko gayya, ai ba a kiran ta sai mai gona ya tanadi fura da tuwo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To su wa ya kamata a tasa? Masu zama. Kuma a cikin masu zaman, waɗanda aka fi mantawa su ne iyayenmu mata. A duniya baki ɗaya, alƙaluman Hukumar Lafiya na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya ba sa samun motsin da ya ishe su, mata 34, maza 29. A biranenmu ina ganin tazarar ta fi haka nisa. Matar da a da take surfe da daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja ruwa da guga, yanzu inji ya ɗauke mata wannan, kuma madalla da hakan, domin aikin nan ya karya bayan mata da yawa. Sai dai ba a kawo komai a madadinsa ba. Gidan ya ƙanƙance, an yanka tsakar gida an yi ɗakin haya, fita sai biki ko asibiti, can ma a Adaidaita.

Gwaggona tana cikinsu. Da aka gano tana da suga, likita ya haɗa mata da magani ya ce ta riƙa motsa jiki. Ita kuwa abin da ta ji shi ne a sa wando a fita titi. Da muka dawo gida ta dube ni ta ce, «Ɗan nan, ni da girmana a gan ni ina gudu a waje?» Na ce, «Gwaggo, ba gudu ba ne, kuma ba sai kin fita ba.» Muka auna tsakar gidan da ƙafa: daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin rijiya taki 20 ne, zuwa da dawowa 40. Ita ce ta kawo dabarar carbi. Duk zagaye ɗaya ta ja ƙwaya ɗaya, in ta kai 33 ta zauna, tana tafe tana istigfari. Hakan yakan ɗauke ta kusan kwata na awa, bayan abincin rana da bayan na dare. Mun saya mata takalmi mai rufi mai taushi, domin an gargaɗe mu cewa mai suga kan taka ƙaya bai ji ba, ƙaramin ciwo ya zama gyambo, kuma kowane dare jikarta takan haska mata tafin ƙafa da tocila. Tana ajiye dabino a gefen zani saboda ranar da jiri zai ɗebe ta. Ba ta daina shan magani ba, kuma ina roƙon kada wani ya karanta wannan ya daina nasa. Abin da ya faru shi ne awonta ya daina tsalle, ciwon gwiwar da take kuka da shi ya yi sauƙi, kuma maƙwabta biyu da suka leƙo suka yi mata dariya a makon farko, yanzu da nasu carbin suke zuwa.

Masu jin cewa wannan baƙon abu ne a addini su tuna Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Safa da Marwa kuma, sau bakwai ɗin nan, ya kai kusan kilomita uku, kuma tsofaffinmu mata suna yin sa, galibi da ƙyar, saboda ƙafar ba ta saba ba.

Abin da na koya a tsakar gidan Gwaggo shi ne mutum ɗaya ba ya ɗorewa, sai da abokin yi. Wasu birane sun gane haka sun mai da shi tsari. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 aka fara rufe tituna ga motoci, yanzu kowace Lahadi ana rufe sama da kilomita 120 daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, talaka da mai kuɗi su fito da keke ko da ƙafa. Kigali ta Ruwanda ta fara nata a 2016, yanzu sau biyu a wata, kuma abin da ya fi burge ni shi ne a ƙarshen tattakin akwai rumfuna inda ake auna hawan jini da suga kyauta. Rufe titi na 'yan awanni ba ya cin kuɗin gina ɗakin wankin ƙoda ko guda, kuma hawan jini da suga su ne kan gaba wajen kai mutane wannan ɗakin, inda ake zama sau biyu ko uku a mako, kowane zama da kuɗin da kan sa a sayar da gona.

Mu ma muna da masu fita. Wanda ya je Filin Sukuwa a Kano ko Dandalin Murtala a Kaduna da sassafe zai ga jama'a suna zagaye. Amma da yawansu a mota suka zo. Mutumin Kurna ko Ɗorayi ba zai biya kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa don ya je ya yi tafiya ba. Dole abin ya zama a unguwa, kuma a nan ne ciwon yake. Filayen da muka buga ƙwallo da langa muna yara an yanka su filoti. Filin makarantar firamare, in ba a jera masa shaguna ba, to an kulle shi da kwaɗo da zarar an tashi. Titi babu gefen masu ƙafa, inda akwai kuma 'yan tebur sun cinye. Ga masu ƙwacen waya da suka sa fitar asuba ta zama abin tsoro. Buɗe filin makaranta daga bayan asuba zuwa bakwai, da ware wa mata wasu ranaku a farfajiyar Islamiyya mai katanga, ba sa buƙatar kasafin kuɗi, mai unguwa da hedimasta da liman sun isa su yanke. Abin da ya wuce ƙarfinsu, wato hana sayar da sauran filayen, wannan yana wuyan masu mulki, kuma ya kamata a riƙa tambayar su a kai kamar yadda ake tambayar su rijiyar burtsatse.

A masallacinmu wasu dattawa sun fara nasu ba tare da jiran kowa ba. In an idar da asuba aka gama azkar, maimakon kowa ya koma ya kwanta, sai su fita a ayari, su bi bayan makaranta su ɓulle bakin titi su dawo ta wajen mai shayi, kamar minti 30. Yawansu ya sa ba mai tare su. Da hunturu suna jira gari ya ɗan waye, masu asma su rufe hanci saboda ƙura, da azumi kuma su mai da shi bayan tarawihi. A tafe ake jin wanda bai da lafiya, da wanda aka kora daga aiki, da gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Daga baya suka yi karo-karo suka sayi na'urar awon jini, ana ajiye ta a kabad ɗin ladan tare da wani littafi mai bango shuɗi. Ranar Juma'a wani ma'aikacin jinya mai ritaya yakan zauna a baranda ya auna kowa, ya rubuta, wanda nasa ya hau ya ce masa lallai ya je asibiti, kuma ya tambaye shi mako mai zuwa ko ya je.

A bayan littafin akwai wani shafi da ba a buɗewa a gaban jama'a, na sunayen waɗanda aka gano suna tsallake rana a shan magani. Abin da ya saura a asusun bayan an sayi batir, ladan yakan kai kemis da kansa bayan isha, ya karɓo kati cikakke, ya sa a ambulan ya aika yaro da shi gidan.